Kujerar Yaya a Jirgin Auta

Ƙanena mai yankan gilashi ne. Auta muke kiransa a gida, sunan kuma ya bi shi har wurin sana'a. Yau ga shi da furfura a gemu da 'ya'ya uku, amma magina da ya girme su da shekara goma suna tsayawa a bakin shagonsa suna cewa, "Auta, an gama madubin nan?" Bai taɓa damuwa ba. Ni ce ke damuwa a madadinsa, kamar yadda na saba a yawancin al'amuransa.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo, a layin masu kayan gini, tsakanin mai sayar da famfo da mai fenti. Akwai babban teburi a tsakiya da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, gilasai kuma suna jingine da bango a kan katako, kowane kauri da wurinsa. Auta yakan auna taga sau biyu, ya rubuta a bayan hannunsa, ya dawo shago ya ɗora ƙarfen awo, ya ja abin yankan sau ɗaya tak. Daga nan sai ya sa manyan yatsunsa ya ɗan danna, gilashin ya rabu, ƙas. Yatsun nan ba sa rabuwa da filasta. Magana kuwa ba ta dame shi ba. In ka yi awa guda a shagon za ka ji kalma ashirin daga bakinsa, goma daga ciki lambobi ne.

Mu uku iyayenmu suka haifa: Yaya, ni, sai Auta. Mahaifinmu ya rasu Auta yana da shekara shida, Yaya yana da sha tara, kuma a cikin watan nan Yaya ya ajiye karatu ya shiga tashar mota. Ya yi kwandasta, ya zama direban doguwar bas, ya shekara talatin da ɗaya a kan sitiyari. Shi ya riƙe karatuna har na gama. Shi ya kai Auta wurin koyon sana'a, ya saya masa abin yankansa na farko, ya kama masa shago. Duk abin da Auta ya sa a jikinsa har ya kai ashirin daga aljihun Yaya ya fito, kuma kowanne ya zo da huɗubarsa. Yaya mutum ne mai bayarwa da hannu yana faɗa da baki. Abu biyu ya tsana a duniya: asara, da a ba shi. In ya shigo gidanka da rana ya tarar da fitila a kunne, sai ya kashe ta kafin ya amsa gaisuwarka. In ka kai masa kyauta kuwa, tana iya riga ka komawa gida.

Auta ya tashi da buri ɗaya, ya ga ranar da shi ma zai yi wa Yaya wani abu. Tun da ya fara samun na kansa bai sake neman ko allura a wurinsa ba, ya koma ƙoƙarin bayarwa. Ya kai yadi, aka dawo da shi. Ya kai fanka, aka ce akwai wata. Akwai shekarar da ya bari Yaya ya yi doguwar tafiya, ya kwashi kayan aiki ya je ya canza duk gilasan tagogin gidan, waɗanda rabinsu kwali ne aka toshe da shi. Da Yaya ya dawo ya zagaya gidan, ya ƙwanƙwasa kowace taga da ɗan yatsa, ya ce aiki ya yi kyau. Washegari ya je wani shagon gilashi ya tambayi farashi, ya aiko wa Auta da kuɗin a ambulan. Auta ya yi kwana uku ba ya cin abincin kirki.

Saboda haka zamansu ya zama na gaisuwa. In an haɗu, Auta ya rusuna ya gaishe shi, a tambayi iyali, a tambayi kasuwa, shi ke nan zance ya ƙare, kowa ya nemi bangon da zai kalla. Ba faɗa suka yi ba. Da faɗa ne ma da na ji daɗi, don na san yadda ake sasanta faɗa.

Shekara shida da suka wuce hawan jini ya kayar da Yaya a harabar tasha, yana shirin hawa mota. Ya tashi da shanyewar ɓarin hagu. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun bai dawo ba. Kamfanin ya sallame shi da ɗan fansho, ya koma zama a kujerar da ke jikin tagar falo, yana kallon titi yana kushe duk direban da ya yi ribas a gabansa. Taimako kuwa, ko kofi ya faɗi ba ya son a ɗauko masa. Auta yana zuwa duk ƙarshen mako, ya zauna minti ashirin, ya tafi da abin da ya zo da shi.

Wasan ya shigo rayuwar Auta ta hannun maƙwabcinsa mai fenti. Wasa ne na intanet da ake yi a waya, kuma sai ka biya kamfanin da ya ƙirƙire shi kake shiga. Jiragen ruwa ne na dakon kaya a wani dogon kogi da babu shi a duniya. Ka ɗauki katako ko buhuna a wannan tasha, ka kai waccan, ka bi ƙarƙashin gadoji, ka kauce wa duwatsu da jiragen sauran mutane, waɗanda su ma suna zaune a gidajensu suna tuƙi. Ba harbi, ba gudu. Ni da na gani na ce wannan ai aiki ne, aikin ma wanda kai ke biyan albashi. Amma ya dace da Auta, mutumin da ke jin daɗin jera kaya daidai.

Jirgin na mutum biyu ne: ɗaya ya riƙe sitiyari, ɗaya ya kula da lodi da inji da igiya. Auta ya biya na kujera biyu, na shekara guda, da nufin su riƙa yi da matarsa, wadda muke kira Malama saboda koyarwa take yi. Malama ta yi mako ɗaya ta ajiye. Ta ce ruwan yana sa ta jiri ko a cikin waya, kuma ba za ta yini tana fama da 'yan aji uku ba sannan ta dawo a riƙa yi mata gyara a kan igiya. Kamfanin ba ya mayar da kuɗi. Kujerar ta zauna ba kowa.

Ni na kai labarin gidan Yaya, kuma ba zan yi ƙarya ba, so nake a kira Auta a yi masa faɗa. Yaya ya saurara har na gama, ya ce, "Tsaya. Wato kujera tana nan an biya, ba kowa a kai?"

Na ce, "Wata goma sha ɗaya cur."

Ya yi tsaki. "Wannan yaro ba zai yi hankali ba. Ce masa ya kawo abin in gani."

Auta ya kawo tsohuwar babbar wayarsa, irin mai faɗin faranti, ya jingina ta a kan ɗan teburi a gaban kujerar Yaya. Sai da Yaya ya sa shi ya faɗa da bakinsa cewa aro ne, sannan ya yarda ya taɓa. Sitiyarin da yatsa ɗaya ake juya shi, hannun dama ya isa. A ranar farko Yaya ya buga jirgin da gada sau biyu, ya ce waɗanda suka gina gadar ba su san aikinsu ba. A mako na biyu yana shiga tasha da baya ba tare da ya goga ko'ina ba.

Daga nan abin ya samu lokaci. Ƙarfe biyar na yamma Auta zai ja ƙofar shago zuwa rabi, ya share ɓarɓashin gilashi daga kan bargo, ya zauna a bakin teburin da wayarsa, ya sa iyafis a kunne. Yaya yana can gida a jikin taga, shi ma da nasa. Awa guda suke yi, kullum. Yaya ke tuƙi, Auta ke lodi, kuma mai famfo ya ce daga shagonsa yana jin Auta yana cewa, "To, Yaya. Na gyara, Yaya. Ai na mayar da buhunan dama."

Akwai wani wuri a kogin da yake miƙe sambal, tafiyar minti goma sha biyu ba kwana ba gada, ba abin da mai tuƙi ko mai lodi zai yi. A nan ne, da yake ba kallon juna suke ba, magana ta fara fita. A nan Auta ya ji cewa ƙafar Yaya tana hana shi sukuni in an yi sanyi, abin da ko matarsa bai gaya wa ba. A nan ya ji yadda mahaifinmu yake dariya, da irin hular da yake so, don shi Auta ba ya tuna fuskarsa. A nan ya ji cewa Yaya aikin safiyo ya so yi, na auna filaye, har ya cike takarda kafin rasuwar. Shi ma Auta ya faɗi nasa: rigimar babban ɗansa da makaranta, da tsoron da yake ji idanunsa sun fara gajiya da ƙananan lambobi. Da zarar kwana ta gabato sai Yaya ya ce, "Rage wuta," zance ya yanke sai gobe. Ni da nake ganin ni ce ma'ajiyar sirrin gidanmu, sai ga shi ina jin labarin Yaya a bakin Auta. Na ji kishi, na kuma ji daɗi.

Da shekara ta cika Auta ya sake biya bai tambayi kowa ba. Yaya ya yi faɗa na kwana biyu. Ya ce almubazzaranci ne, ya ce mai 'ya'ya uku ba ya haka, sannan ya ce, "To, tunda ka riga ka biya." Haka aka yi sau biyar. Faɗan ya zama kamar sabunta lasisi, kowa ya san lokacinsa.

A farkon bana kamfanin ya aiko wa kowa da saƙo. Wasan ya zama kyauta. Kowa na iya shiga, kowace kujera a buɗe take, ba sai an biya ba. Wanda ya ga dama ya ci gaba da biyan kuɗin wata, za a cire masa talla, a ba shi fentin jirgi kala-kala, da tuta, da wani sabon oda mai ƙara. Iyakar abin ke nan.

Auta ya ɗauki maganar kamar yadda yake ɗaukar taga. Ya karanta saƙon sau biyu, ya kwafe shi a takarda, ya yi mako guda yana juya shi. Ya tambayi mai fenti, ya ce shi tun ranar ya soke nasa, fenti yana da shi a shago. Ya tambayi Malama, ta ce wannan ma tambaya ce? Ya zo har gida ya tambaye ni, ni kuma na ba shi amsa da ƙarfin gwiwar wadda ba ta taɓa yin kuskure ba.

Na ce, "Auta, kana da hankali kuwa? An ce maka kyauta, kai kana neman wanda za ka ba kuɗi? In Yaya ya ji kana biyan kuɗin tuta, ai sai ciwonsa ya tashi."

Ya ce, "Haka ni ma na gani, Anti. Na ce ko wannan karon zai ji daɗi."

Abin da ke ransa ke nan. Shekara biyar ana yi masa faɗan ɓarna, yau ga dama ta zo da zai je da labarin tattali, ya ji Yaya ya ce ya kyauta. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, har yanzu wannan kalmar yake nema. Ya soke biyan da safe, ya adana labarin har yamma, har suka iso miƙaƙƙen wurin nan.

"Yaya, akwai albishir. Wasan nan ya zama kyauta. Na soke biyan, daga yau ko sisi ba zai sake fita ba."

Auta ya ce abin da Yaya ya fara tambaya shi ne:

"Kujerar tawa fa?"

"Ita ma kyauta ce. Ba wanda ke biyanta."

"Madalla," in ji Yaya. "Ka huta."

Suka kai kayan tasha, Yaya ya shiga da baya yadda ya saba, suka yi sallama. Washegari ƙarfe biyar Auta ya ja ƙofa ya zauna, Yaya bai hau ba. Ya kira, matar Yaya ta ce ya ɗan kishingiɗa. Rana ta biyu ta ce yana da baƙo. Rana ta uku ita da kanta ta zo shagon da jaka, a ciki ga babbar wayar an goge ta tas, an naɗe cajar an ɗaure da roba. Ta ce, "Ya ce a gaya maka an gode da aro." Ba ta yarda ta zauna ba, kuma ba ta kalli idonsa ba.

Auta ya ci gaba da jan ƙofa ƙarfe biyar, don jikinsa ya saba. Kogin ya cika da sababbin shiga. Da yake kujerar tuƙi a buɗe take, wasan yakan jefo masa duk wanda ya samu. Wani ya hau ya nufi gada da gangan yana dariya. Wani ya yi minti uku ya gudu ya bar jirgin a tsakiyar ruwa. Wata ta iya tuƙi sosai, amma da suka zo miƙaƙƙen wurin sai talla ta fito ta rufe fuskar wayar, ana tallan sabulu. Auta ya kalli sabulun har ya ƙare, ya kashe wayar, ya ɗauki tsintsiya ya sake share shagon da ya riga ya share.

Da na ji, na ɗauki mayafina na tafi gidan Yaya a fusace. Na same shi a jikin taga, ɗan teburin yana gabansa ba komai a kai.

Na ce, "Yaya, me yaron nan ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini."

"To me ya sa ka daina?"

"Da kuɗin yaro ne ke tafiya a banza, na tsaya masa. Yanzu ba abin da ke tafiya. Aikina ya ƙare."

"Amma ai kana so."

"Wa ya tambaye ki? Ni sa'an wasa ne? In zauna da girmana ina danne-dannen waya haka kawai, a ce me nake yi?"

Na ce masa abubuwa da dama da ba a gaya wa babban wa, ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni ko na kashe fankar gidana kafin in fito. A nan na gane abin da muka yi, ni da Auta da Malama da mai fenti, mu huɗu masu wayo. Mun zaci kuɗin wasa ake biya. Ashe abin da Auta ke saya duk shekara shi ne dalilin da Yaya zai kafa, a gaban matarsa da gaban kansa, na zama awa guda da ƙanensa ba tare da ya ce yana so ba. Tausayinsa ya kama ni, amma haushinsa ya fi yawa.

Na gaya wa Auta, kuma na sake ba shi shawara, don ban daddara ba. Na ce ya koma ya biya. Ya biya a ranar, ya kira Yaya ya sanar da shi.

Yaya ya ce, "Kuɗin me yake saya yanzu?"

Da wani ne, da ya ƙirƙiro wani abu. Auta bai iya ba. Ya ce, "Fenti, Yaya. Da tuta."

"Kujerar fa?"

"Kyauta ce."

"To, a yi fenti lafiya."

Ko faɗa bai yi ba, kuma wannan ne ya fi tayar wa Auta da hankali. Ya sake soke biyan kafin wata ya ƙare.

Aka koma gidan jiya. Ƙarshen mako Auta ya zo, ya gaisa, a tambayi kasuwa, a kalli bango, minti ashirin ya tashi. Sai dai yanzu abin ya fi da nauyi, don kowannensu ya san akwai magana a cikin ɗayan. Matar Yaya ta ce mini ya koma barcin yamma, ya bar aske gemu, har direbobin titi ya daina kushewa. Auta kuwa ya daina jan ƙofa, yana aiki har shida, yana karɓar gyare-gyaren da da yake turawa wani shagon. Wata biyu aka yi a haka.

Wata Laraba da yamma ina gidan Yaya, mun baje wake a tire ni da matarsa muna tsincewa, sai ga Auta ya shigo da kayan aiki a jikinsa, da awon wata taga a rubuce a bayan hannunsa. Ba ranar zuwansa ba ce. Ya gaishe mu, ya wuce kujerar baƙi da ya saba zama, ya zauna a kan dadduma kusa da ƙafar Yaya. Ban san wanda ya ba shi shawarar abin da ya zo yi ba. Ba ni ba ce dai, kuma wannan ya ɗan yi mini ciwo.

Ya ce, "Yaya, na sake soke biyan nan."

"Ka kyauta."

Kalmar da ya yi shekara da shekaru yana nema ke nan, ta zo a bushe, bai ko ɗaga kai ba.

"Amma ina son fentin."

Yaya ya juyo daga taga.

"Ina so ka biya mini," in ji Auta. Muryarsa ta fita ƙasa-ƙasa, kunnuwansa har wani sheƙi suke don kunya.

"Shagon ya karye ne?"

"A'a. Lafiya lau yake."

"Malama ce ta riƙe maka aljihu?"

"A'a."

"To me ya sa sai ni?"

"Kai ne yayana. Wa zan tambaya?"

Matar Yaya ta daina tsintar wake. Ni ma na daina. Yaya ya daɗe yana kallon furfurar da ke kan Auta. Ba wawa ba ne, ya san abin da ake yi, kuma Auta ya san ya sani. Ina jiran ya ce a tashi a ba shi wuri.

Sai ya gyara zama ya fara. Ya ce bai taɓa ganin rashin ta-ido irin wannan ba, ƙato da gemu, uban 'ya'ya uku, ya bar aiki da rana tsaka ya zo roƙon fentin jirgin da ko taɓa shi ba a iya yi. Ya ce tun Auta yana ƙarami haka yake, in ya ƙyalla ido a kan abu ba a zaman lafiya. Ya tuno masa wani takalmi mai igiya da ya yi wa kuka kwana huɗu yana aji biyu. Muryar tana ƙara ƙarfi yana yi, har ta koma irin wadda ake ji daga wannan ƙarshen tasha zuwa wancan. Auta yana cewa, "Haka ne, Yaya."

"Wane launi kake so?"

"Shuɗi."

"Shuɗi a kan ruwa? Wa zai hango ka? Rawaya za a sa. Kuma na wata-wata zan riƙa ba ka, ka zo nan ka karɓa da ƙafarka, ban yarda da kai da na shekara ba. Sannan ba zan zuba kuɗina in bar wasu sakarkaru suna goga mini fenti a jikin gada ba. Abin nan na aro ya dawo gobe, kafin biyar."

"To, Yaya."

Ya dubi matarsa. "Miƙo mini walat ɗina a aljihun rigar can."

Ta ɗauko ta ajiye masa a cinya. Tsohuwar walat ce mai zif, zif ɗin kuma ya yi tsatsa. Yaya ya danne ta da tafin hannunsa na dama, ya kama zif ɗin da yatsu biyu ya ja, ta zame ta faɗi ƙasa, daidai gaban Auta. Na yunƙura zan tashi, matar Yaya ta riƙe mini zani. Yaya ya sunkuya da ƙyar, yana nishi, ya lalubo ta, ya sake dannewa, ya sa haƙori ya kama bakin zif ɗin. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Abin da Auta zai yi cikin daƙiƙa biyu ne, kuma ina ganin yadda yatsunsa masu filasta suke motsi. Bai miƙa hannu ba. Ya ɗora hannayensa a kan gwiwoyinsa ya jira, har Yaya ya ciro kuɗin da kansa ya ba shi.